Satyananda Stokes: Ɗan Masu Kuɗin Amurka Da Ya Koma Noman Tuffa A Duwatsun Indiya

A wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya dace in kawo muku tarihin wani mutum da ba mu karanta shi a aji ba. Da yawa daga cikinmu sun ajiye aiki, wasu kuma suna dab da ajiyewa, kowa na tunanin abin da zai yi da sauran kwanakinsa. Ina ganin rayuwar wannan bawan Allah tana da abin da za ta gaya mana.

An haifi Samuel Evans Stokes ran 16 ga Agusta, 1882, a birnin Filadelfiya ta ƙasar Amurka. Iyayensa mabiya ɗarikar Kirista ce da ake kira Kwaka, kuma masu hali ne ƙwarai. Mahaifinsa yana da kamfanin ƙera na'urar hawa bene, saboda haka kujera na nan tana jiran yaron. Shi kuwa hankalinsa ba ya wurin. A shekarar 1904, yana da shekara 22 ko ƙasa da haka kaɗan, ya kama hanyar Indiya don ya yi aikin jinyar kutare a garin Subathu, kusa da Shimla. Da girgizar ƙasa ta auka wa Kangra a 1905, yana cikin waɗanda suka je agaji.

Daga nan ya san Kotgarh, wani yanki a kan duwatsun Himalaya, kimanin kilomita 80 daga Shimla. Wurin ya kwanta masa a rai, ya zauna. A 1912 ya auri wata 'yar ƙasar mai suna Agnes, ya gina gida a Barobagh kusa da Thanedar, ya koyi harshen mutanen, ya zama ɗan gari.

To, abin da ya tarar shi ne talauci. Gonakin ƙanana ne, an sassare su a jikin tudu kamar matakala, abin da ake nomawa da ƙyar yake kai iyali ƙarshen shekara. Bugu da ƙari akwai wata al'ada da ake kira begar, wato aikin tilas. Idan jami'in gwamnati ko wani babba zai ratsa, sai a tara magidanta su bar gonakinsu su yi masa dakon kaya, ko dai kyauta ko kuwa a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Kakanninmu da suka ga zamanin Turawa sun san irin wannan.

Stokes ya duba ya ga abin da yake wahalar da mutanen, wato sanyi da tudu, shi ne kuma abin da itacen tuffa yake so. Tuffa ba ta yin fure sosai sai ta sha sanyi na tsawon lokaci a hunturu. Tun wajen 1870 wasu Turawan Ingila sun dasa tuffa a kwarin Kullu, amma irinsu mai tsami ne, Indiyawa kuwa zaƙi suke so, don haka bai yi kasuwa ba. A 1916 Stokes ya kawo dashen irin da ake kira Red Delicious daga gandun Stark Brothers da ke jihar Misuri ta Amurka, ya dasa a gonarsa. Daga baya aka ƙara da Golden Delicious.

A nan ne haƙuri ya shigo. Ba a shuka ƙwallon tuffa a sami irin uwar. Sai an yi wa itacen aure, kamar yadda muke yi wa mangwaro: a yanko reshen iri mai kyau a haɗa shi da gindin wani. Sannan a yi ta aske rassa, ana kiyaye shi daga ƙwari, shekara da shekaru ba a tsinki ko ɗaya ba. Sai a 1926, shekara goma bayan dashe, tuffar Stokes ta shiga kasuwa. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

A cikin waɗannan shekaru na jira bai zauna gindin itace yana ƙirga ganye ba. Ya tsaya tsayin daka a kan begar, ya haɗa kan manoma, ya yi ta rubuce-rubuce, har hukuma ta ja da baya a yankin Shimla. Wannan ya kai shi cikin jam'iyyar Congress ta su Mahatma Gandhi. Ya halarci taronta na Nagpur a watan Disamba 1920, ya zama ɗan babban kwamitinta yana wakiltar Punjab tare da Lala Lajpat Rai. A ƙarshen 1921 Turawan mulki suka kama shi bisa zargin tunzura jama'a, aka ɗaure shi wata shida a Lahore. Shi ne Ba'amurke ɗaya tilo da aka sani an ɗaure a gwagwarmayar neman 'yancin Indiya.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne yadda ya yi da irin nan. Da ya so, da ya killace gonarsa ya ci kasuwa shi kaɗai. Sai ya riƙa raba dashe ga maƙwabta, yana nuna musu yadda ake aure da askin rassa. Da farko sun ƙi. Ba laifinsu ba ne: wa zai cire hatsin da zai ci bana ya dasa itacen da ba zai ba shi komai ba sai bayan shekaru? A 1924 ya buɗe makaranta da sunan ɗansa Tara da ya rasu yana ƙarami, inda yaran ƙauye suke koyon karatu haɗe da aikin lambu. Da iyaye suka ga kuɗin da tuffarsa ta kawo, sai kowa ya zo neman dashe.

A 1932 ya shiga addinin Hindu, ya ɗauki sunan Satyananda, wanda da shi aka fi saninsa. Ya rasu ran 14 ga Mayu, 1946, shekara ɗaya da 'yan watanni kafin Indiya ta sami 'yancin da aka ɗaure shi dominsa.

Yankin da ya zauna yana cikin jihar Himachal Pradesh, wadda ta zama cikakkiyar jiha a 1971. In ka cire Jammu da Kashmir, babu inda ya fi ta noman tuffa a duk Indiya. Jikokin masu dakon kayan nan da kuɗin tuffa suka gina gidaje suka kai 'ya'yansu jami'a. Sai dai su ma suna da tasu damuwa: sanyi yana raguwa a gangaren ƙasa, gonakin tuffa suna ta ƙaura zuwa tuddai masu bisa.

Ban kawo wannan tarihi don in ce mu dasa tuffa ba, domin zafin yawancin garuruwanmu ba zai bar ta ba. Stokes ya duba ƙasar da yake zaune ya gano abin da za ta iya bayarwa, ya jira shekara goma, sannan bai ɓoye abin da ya sani ba. Mu da jama'a suka ɗauki nauyin karatunmu, kowannenmu yana da ƙauye, kuma akwai abin da ya sani wanda mutanen ƙauyen ba su sani ba. Ina roƙon mu zo taronmu na gaba da shawarar abin da kowa zai dasa a garinsu, ko itace ne ko sana'a, ko da wani ne zai ci amfaninsa.