Yadda Magani Ukku Suka Shiga Ƙwaya Guda

Ya kai mai karatu, wataƙila ka san wani mai shan ƙwayar maganin sida kullum, yana nomansa lafiya lau. Bari ka ji inda ƙwayar nan ta fito.

A 1983 masana na cibiyar Pasteur a Paris suka gano ƙwayar cutar. Magani na farko, AZT, ya fito a Amurka a 1987. Amma cutar tana da wayo: in an ba ta magani guda, sai ta sake kama, ta saba da shi cikin ƴan watanni. A 1996, wajen taron Vancouver a Kanada, likitoci suka nuna cewa in an haɗa magani ukku, ta kuɓuce wa ɗaya, biyu su tare ta. Waɗanda aka fid da rai gare su suka miƙe.

To, ina kuɗin? Maganin shekara guda ya kai dala 10,000, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sayen goro ba. Ga ƙwayoyi barkatai, safe da dare. Afirka, inda cutar ta fi ɓarna, sai kallo.

Me ya hana a dunƙule su wuri guda? Kowane magani da mai shi. Stavudine na Bristol-Myers Squibb ne, lamivudine na GlaxoSmithKline, nevirapine na Boehringer Ingelheim, kowa riƙe da takardar mallakarsa. Amma dokar Indiya ta 1970 ba ta hana a yi irin maganin wani ba, muddin an bi wata hanyar haɗawa dabam. Da wannan ƙofa Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla, ya shiga. A 2001 ya yi wa ƙungiyar likitoci ta MSF tayin ukkun a kan dala 350 a shekara, watau ƙasa da dala guda a yini. Ya kuma zuba su cikin ƙwaya guda mai suna Triomune, ɗaya da safe, ɗaya da dare. A ganina wannan ya kai gano maganin kansa muhimmanci, don maganin da talaka bai iya saye, sunansa babu.

Triomune tana da aibi: stavudine na lalata jijiyoyin ƙafa, yana zabge kumatu, shi ya sa aka bar shi. Wadda ta yaɗu bayan 2017 ita ce TLD, sau ɗaya a yini, wadda aka yi cinikinta wajen dala 75 a shekara. Ba ta kashe cutar ƙurmus, danne ta take yi. In an daina sha, sai ta taso.