Yadda dawa da auduga ke kare kansu daga fari da ƙwari a Arewacin Kamaru

Tsiro ba ya iya gudu, don haka a inda yake tsaye yake kare kansa. A yankin Garwa, inda damina ke kamawa daga Mayu zuwa Oktoba, dawa da auduga na nuna hakan.

Idan ruwa ya ɗauke, dawa kan naɗe ganyenta, ta rufe ƙananan ƙofofin da take numfashi da su domin tattalin ruwa. Auduga kuwa takan zubar da furanni da ƙananan 'ya'ya, yabanya ta ragu.

Ga ƙwari kuma, auduga, wadda kamfanin SODECOTON mai hedikwata a Garwa ke kula da nomanta tun 1974, tana da ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu ɗauke da gubar gosifol. Idan tsutsa ta ci ganyenta, takan saki wani ƙamshi da ke jawo ƙananan ƙwari dangin zanzaro, su yi ƙwai a jikin tsutsar.

Ita ma dawa tana da nata makamin: sinadarin durin, wanda ke rikiɗewa ya zama gubar sayanayid da zarar an tauna ganyen. Ya fi yawa a ƙaramar dawa da gyauro, kuma fari na ƙara shi. Wannan guba ba ta bambanta tsutsa da saniya. Shi ya sa ake gargaɗin makiyaya kada su saki dabbobi cikin dawar da fari ya tsumburar, domin tana iya kashe su cikin ƙanƙanin lokaci.