Mazan Jiya da Matan da Suka Jira Su: Waiwaye a Kan Sojojin Yaƙin Bama

Duk wanda ya tashi a garinmu cikin shekarun 1960 da 1970 ya riski irin dattijon nan da ake ce wa tsohon soja. Ranar Salla zai fito da tsohuwar rigar kaki wadda ta sha guga, lambobin yabo suna reto a ƙirjinsa, yara na biye da shi suna kwaikwayon fareti. Mukan yi dariya idan ya fara ambaton sunayen garuruwan da harshenmu ba ya iya furtawa. Ba mu taɓa tambayar kanmu ba, wace ce ke wanke rigar nan, take adana lambobin a ƙasan adaka daga wannan Salla zuwa waccan? Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, don haka a fitowar bana muka ga ya dace mu tuna da wannan bawan Allah tare da maiɗakinsa.

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila, an gwabza shi daga 1939 zuwa 1945. Ingila ta nemi sojoji daga ƙasashen da take mulka, aka bi ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai wajen tattara samari. Wasu sun shiga don albashi da sha'awar kaki, wasu kuwa tura su aka yi ba da son ransu ba. Rundunar da suka shiga ita ce ta Afirka ta Yamma wadda Lugga ya kafa a 1897, kuma shekaru da dama Hausa ce harshen bariki a cikin bataliyoyin Nijeriya. Karon farko an kai su Gabashin Afirka, inda suka fafata da sojojin Italiya. Suna cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka nausa cikin ƙasar Habasha har aka karɓe ta.

Babban gumurzun kuwa a Bama aka yi shi, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82, aka ɗebe su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan Bama don tunkarar sojojin Japan. An ƙiyasta cewa 'yan Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka yi wannan yaƙi, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Tambarin runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne, wanda aka ɗauko daga tatsuniyoyin Ashanti, ɗan'uwan Gizon tatsuniyoyinmu. Na runduna ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye bisa gammo, kuma gammon nan ba ado ba ne. A tsaunukan da mota ba ta iya hawa, a ka aka riƙa ɗaukar harsasai da abinci da magani, yayin da jiragen sama ke jefo musu guzuri daga bisa. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, wasu bataliyoyin Nijeriya uku kuma suka shiga rundunar Chindit mai kutsawa bayan abokan gaba. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace garin Myohaung. Ban da harsashi, ga zazzaɓin cizon sauro da atuni da ruwan sama na watanni, waɗanda suka kwantar da maza da yawa.

Ya kai ɗan'uwa mazaunin birni, wataƙila kullum kana wuce tarihin kakanka ba ka sani ba. Barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, da na Chindit a Zariya, da na Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, da na Mogadishu a Abuja, duk daga waɗannan yaƙe-yaƙe suka samo sunayensu.

To, wannan rabin labarin ke nan. Sauran rabin yana cikin gida, kuma ba a raɗa wa wani bariki sunansa ba. Akwai amaryar da lallen aurenta bai gama gogewa ba aka tafi da angonta, ta zauna a gidan surukai shekara uku ko huɗu. Ita ce ta riƙe 'ya'ya da kaɗi da saƙa da sana'ar ƙuli-ƙuli, ta haɗa da ɗan abin da ake yankowa daga albashin mijin idan ya iso. Idan wasiƙa ta zo sai an nemo mai karatu, sirrin miji da mata ya bi ta bakin wani. Labarin fagen fama kuwa sai abin da maza suka ji an karanta a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939. Wadda labarin mijinta ya yanke ta fi kowa shiga tsaka mai wuya, ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba. Littafin Risala ya yanka wa matar wanda ya ɓace jiran shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara, kafin ta shiga takabar wata huɗu da kwana goma. Dubi nauyin wannan jira a zuciyar yarinya ƙarama. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Nijeriya.

Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945, amma da yawa daga cikin sojojinmu sai 1946 suka ga gida. Abin da suka tarar bai kai abin da suka sa rai ba. Kuɗin sallamarsu bai kama ƙafar na takwarorinsu Turawa ba, aikin yi kuma ya yi wuya. A birnin Akara, ranar 28 ga Fabrairu, 1948, an harbe tsofaffin sojoji uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, suna kan hanyar kai kokensu ga Gwamna. A ƙasar Hausa wasu sun zama 'yan doka, wasu direbobi ko masinjoji ko masu gadi, akasari kuwa suka koma gona. Wani ya dawo da rauni a jiki, wani da firgita cikin barci. Unguwa ta san shi da lambobi da faɗa, amma matarsa kaɗai ta san daren da yake zabura yana kiran sunan abokin da ya binne a daji. Ta yi jinyarsa, ta rufa masa asiri, har ranar da aka ɗauke shi zuwa makwancinsa.

Saurayin da ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943, a yau ya haura shekara 100, don haka da wuya a sami na raye. Amma waɗanda aka aura bayan an dawo, wasunsu suna nan a ɗakunansu cikin tsufa, kuma su ne rumbun labarin na ƙarshe. Saboda haka muna kira ga Ƙungiya da ta kafa ƙaramin kwamiti da zai bi unguwa-unguwa ya rubuta sunan kowane tsohon soja tare da na iyalinsa, ya ɗauki hoton lambobi da takardun sallama, ya kuma naɗi muryar iyayenmu mata tun suna iya ba da labari. Kai ma idan ka zo Salla, ka zauna gaban kakarka ka tambaye ta, wayar hannunka ta isa wannan aiki. Sannan ranar 15 ga Janairu, da ake tunawa da mazan jiya a Nijeriya, a riƙa kai wa waɗannan gwauraye ɗan abin masarufi da sunan gari.

Allah Ya jiƙan mazan da suka tafi da matan da suka jira, Ya sa Aljanna ce makomarsu, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.