Yadda Amurka ta fara sa ido kan gidajen masu barin shaye-shaye

A 1975 hukuma ta yanke shawarar rufe wani gida a Silver Spring, jihar Maryland, inda masu neman rabuwa da giya suke zaune. Mazaunan, ciki har da wani lauya, Paul Molloy, suka karɓi hayar gidan da kansu, suka kafa ƙa'ida: kowa ya biya kasonsa, a yanke hukunci da ƙuri'a, wanda ya koma ruwa kuma ya tattara nasa ya nasa. Mafarin ƙungiyar gidajen Oxford House ke nan. Ba likita, ba lasisi, don ba asibiti ba ne.

Maƙwabta ba su yi maraba da irin waɗannan gidaje ba. Sai dokar gidaje ta 1988 ta haramta nuna wa masu naƙasa bambanci, masu murmurewa daga shaye-shaye kuma suka shiga ƙarƙashinta. A 1995 Kotun Ƙoli ta ba Oxford House gaskiya a shari'arta da birnin Edmonds. Kariya ce mai kyau, amma ta ɗaure hannun hukuma: duk garin da ya ce zai kafa musu sharuɗɗa na musamman, sai a maka shi kotu.

Da inshora ta fara biyan kuɗin jinyar shaye-shaye sosai bayan 2010, sai 'yan damfara suka ga kasuwa. A kudancin Florida, musamman Delray Beach, dillalai suka riƙa sayar da marasa lafiya ga cibiyoyin jinya, ana yi musu gwajin fitsari babu gaira babu dalili, ana aika wa inshora lissafi. Komawar mara lafiya ruwa ta fi warkewarsa riba. A 2017 aka ɗaure wani mai irin gidajen, Kenneth Chatman, fiye da shekara 27.

Masu gidajen kirki ne suka riga gwamnati motsi. A 2011 suka kafa ƙungiyar NARR, ta kasa gidajen mataki huɗu gwargwadon kulawar da ake bayarwa. Florida ta biyo baya a 2015 da wata dabara: neman takardar shaida ba dole ba ne, amma cibiyar jinya mai lasisi ba za ta tura kowa gidan da ba shi da ita ba. A 2018 dokar tarayya ta mai da dillancin marasa lafiya laifi. Arizona kuwa ta wajabta lasisi, duk da haka a 2023 aka bankaɗo gidajen bogi da suka yaudari dubban 'yan ƙabilun asalin Amurka, suka wawashe kuɗin inshorar gwamnati.