Tarihin Fina-finan Mashaya Jini

Fina-finan mashaya jini reshe ne na fina-finan ban tsoro. A cikinsu akwai rukunin da ba ya razana mai kallo da ihu ko feshin jini. Da duhu da shiru da jan lokaci yake aiki, har tsikar jiki ta tashi. Mashayin jini, wanda Turawa ke kira bamfaya, gawa ce da ke fitowa daga kabari da dare a tatsuniyoyin gabashin Turai. Wanda ya tashi da labaran mayu, a Gidigir ne ko a Damagaram, zai ga bambanci nan take. Maye rayayye ne, maƙwabci ne, kurwa yake kamawa, ana cewa yana da ƙanƙara a ciki, kuma akan sa shi ya tsallake wanda ya kama don ya sake shi.

Tushen rukunin shi ne Nosferatu, fim marar murya da F. W. Murnau ya yi a Jamus a 1922. Labarin Dracula na Bram Stoker, na 1897, aka ɗauka ba izini, aka sauya sunaye. Matar marigayi Stoker ta kai ƙara, kotu ta ce a lalata kwafin fim ɗin duka, amma wasu suka tsira a ƙasashen waje. Max Schreck ne ya fito a Orlok, bamfaya mai sanƙo da dogayen farce, wanda ya shigo gari a jirgin ruwa tare da ɓeraye da annoba. Wurin da ya fi shahara ba a ma ganin jikinsa. Inuwarsa ce ke hawa matakala, sai inuwar hannunsa ta miƙe ta damƙi ƙirjin Ellen, matar da yake farauta, ita kuwa ta murɗe don zafi. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan, kamun kurwa ne ƙiri-ƙiri. A wannan fim ne kuma hasken rana ya fara kashe bamfaya. A littafin Stoker rage masa ƙarfi kawai yake yi.

A 1932 Carl Dreyer, mutumin Denmak, ya fitar da Vampyr, wanda ya ɗauka a ƙauyukan Faransa. An sa siririn yadi a gaban kyamara don hoton ya yi dishi-dishi kamar hazo. Jarumin yana ganin kansa cikin akwatin gawa, mai kallo kuma yana leƙen sama ta tagar murfin ana ɗauke da shi. Bai samu kasuwa ba, Dreyer ya yi shekara goma bai sake yin babban fim ba.

Daga shekarun 1970 bamfaya ya zama abin tausayi. A Ganja & Hess na Bill Gunn, 1973, wani masani baƙar fata a Amurka ya kamu da ƙishin jini bayan an soke shi da tsohuwar wuƙa daga Afirka, ƙishin kuma ya zama jaraba irin ta ɗan ƙwaya. A 1979 Werner Herzog ya sake yin Nosferatu da Klaus Kinski, wanda ya fito a bamfayan da ya gaji da rashin mutuwa. Daga baya aka samu Let the Right One In a Suwidin, 2008, da fim ɗin Ana Lily Amirpour na 2014, cikin harshen Farisa, inda mashayiyar jinin budurwa ce mai baƙin lulluɓi da ke bin mazan banza da dare.

Silimar Nijar ta bi wata hanya, ta aljanu da iskoki. Mafi kusa da wannan yanayi shi ne Toula, wanda Moustapha Alassane ya yi tare da Anna Soehring a farkon shekarun 1970, daga labarin Boubou Hama. Fari ya addabi ƙasa, boka ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa. Saurayinta ya fita neman ruwa don ya cece ta, kafin ya dawo ta riga ta shiga tafki.