Yadda Ingilishi ya sake kama cikin shekara dubu da ɗari biyar

Duk wanda ya ci kasuwar Jibiya ko ta Kano ya ji Ingilishi a bakin mutane. Ƴan lakol da ke koyonsa kuwa kukansu ɗaya ne: abin da aka rubuta dabam, abin da ake faɗi dabam. Me ya kawo haka? Amsar tana cikin tarihinsa.

Wajen shekara ta 450, wasu ƙabilu uku, Angil da Sakson da Jut, suka taso daga arewacin Jamus da Danmak. Suka ƙetare teku cikin jiragen ruwa, suka zauna tsibirin Birtaniya. Manoma ne da mayaƙa. Daga sunan Angil aka sami Ingila da Ingilishi.

Da Baturen Ingila na yau zai ji maganarsu, ba zai gane ba. A wancan zamani suna yakan sake kama bisa aikinsa cikin magana. In kare ne ya yi cizo, sai su ce “se hund”. In shi aka ciza, sai su ce “thone hund”. Saboda haka ko an sa karen a gaba ko a baya, an san wanda ya ciji wani. Kuma mu Hausawa muna raba sunaye biyu, namiji da mace. Su uku suke rabawa, akwai wanda ba namiji ba mace.

Daga shekara ta 793 wasu mayaƙan teku da ake kira Baikin suka dinga kawo hari daga Danmak da Norwe. Daga baya suka zauna arewaci da gabashin Ingila, aka yi auratayya da ciniki. Harsunan biyu dangi ne, amma wutsiyoyin kalmominsu sun bambanta. Masana da yawa suna ganin wannan cuɗanya ta taimaka wutsiyoyin suka zube. Da suka zube, sai jerin kalmomi ya ɗauki aikinsu: mai yin abu a gaba, wanda aka yi wa a baya, kamar dai a Hausa.

A 1066 Wiliyam, sarkin Normandi ta ƙasar Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da na shari'a. Ingilishi ya koma harshen talaka da manomi, manya suna raina shi. Har yau alamar tana nan. Tunkiya a garke sunanta “sheep”, kalmar makiyayi. In an dafa namanta ya zama “mutton”, wato “mouton” ɗin nan na Faransanci, kalmar mai gidan da aka kai wa akushi. Amma talakawa ba su saki harshensu ba. Ya ari dubban kalmomin Faransanci, ya narkar da su. A 1362 aka yi doka cewa a riƙa yin shari'a da Ingilishi.

To, sai maganar rubutu. A 1476 wani ɗan kasuwa mai suna Kakston ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila. Sannu a hankali rubutun kalmomi ya tsaya wuri guda. Baki kuwa bai tsaya ba. Tsakanin 1400 da 1700 dogayen wasula duka suka gusa. Gida, da ake cewa “huus”, ya koma “haus”. Lokaci, da ake cewa “tiim”, ya koma “taim”, ga shi har yau ana rubuta “time”. Wuƙa ana rubuta ta “knife” domin kakanninsu suna faɗin “k” ɗin. Jikoki suka daina faɗi, harafin ya yi zamansa a takarda. Har “thou”, wadda ke nufin kai ko ke, ta faɗi daga maganar yau da kullum. Yanzu “you” ita ce kai, ita ce ke, ita ce ku.

Kada mu yi mamaki, irin wannan ya faru a gidanmu. A Maraɗi da Tawa ana cewa zamna da abduga. A Kano ana cewa zauna da auduga. Masana sun nuna faɗin Maraɗi da Tawa shi ne na dā, na Kano ne ya sake. Ba wanda ya ɓata Hausa a cikinsu. Haka kuma mun ari lakol daga Faransanci, Hausawan Najeriya sun ari tebur daga Ingilishi, duk sun zama Hausa.

Saboda haka yaron da rubutun Ingilishi ya ba wuya ba daƙiƙi ba ne. Faɗin mutanen shekara 600 da suka wuce ake sa shi rubutawa. Rubutunmu na Hausa kuwa yana bin baki kusa da kusa, shi ya sa dattijo ke iya kama shi cikin ƴan watanni. In wani ya ce maka harshen manoma bai isa shiga littafi ba, ka ba shi labarin Ingilishi. Shi ma a bakin gona ya fara.