Chambord, Fadar da Aka Gina Domin 'Yan Kallo

A tsakiyar dajin Sologne, yankin fadamu da ƙananan ƙauyuka a tsakiyar Faransa, kimanin kilomita 15 daga garin Blois, nan fadar Chambord take, mai ɗaki sama da 400, kuma ganuwa mai tsawon kilomita 32 ta kewaye dajinta. Sama da mutum miliyan ɗaya ke sayen tikitin shigarta a shekara. Ana bikin kaɗe-kaɗe a farfajiyarta da bazara, ana wasan dawakai, ana baje kolin zane-zane, ana ba da hayar zauruka, har inabi ake nomawa a gonakinta. Wasu masu kishin kayan tarihi na ganin an ci mutuncin gidan sarauta, an mai da shi kasuwa. Tarihin ginin bai goyi bayansu ba, domin duk wanda ya bi shi daga tushe zai tarar ba a taɓa jin daɗin zama a Chambord ba, kuma tun ranar farko nuna ta ake yi.

Sarki François na Ɗaya ya sa aka fara ginin a 1519, yana saurayi, yana ji da nasarar da ya ci a Italiya, yana kuma son fadar farauta da za ta girgiza sauran sarakunan Turai. Aikin ya tsaya a shekarun yaƙin Italiya, inda aka kama sarkin a Pavia a 1525, sannan aka ci gaba, amma har ya rasu a 1547 ba a gama ba. Kwanakin da ya yi a ciki duka ba su wuce 'yan makonni ba. Dalili a fili yake. Zaurukan sun yi girma, tagogi manya, murhu kusan 300 ba sa iya korar sanyin hunturu, kuma babu wani babban gari kusa da zai ciyar da dubban fadawa. Idan sarki zai zo, sai a ɗoro gadaje da kujeru da labule da abinci a kan dabbobi, idan ya tashi a kwashe komai a bar ginin fayau. Amma da babban abokin hamayyarsa, Sarki Charles na Biyar, ya ratsa Faransa a ƙarshen 1539, Chambord aka kai shi ya gani. Matakalar da ke tsakiyar ginin ma aikin burgewa ce: hanya biyu ne a murɗe da juna, mai hawa da mai sauka suna hango juna ta ƙananan tagogi ba tare da sun haɗu ba. Da yawa na danganta tsarinta da Leonardo da Vinci, wanda ya rasu a Amboise 'yan watanni kafin a aza harsashi.

Waɗanda suka gaji fadar sun tabbatar da haka, kowa ta hanyarsa. Louis na 14 ya zo farauta ya taho da 'yan wasa, kuma a nan marubucin wasan kwaikwayo Molière ya fara nuna wasansa Le Bourgeois gentilhomme a 1670. Waɗanda suka yi ƙoƙarin mai da ita gidan zama kuwa sun sha wuya. Stanislas, sarkin Poland da aka tsige, ya zauna daga 1725 zuwa 1733, amma sauro da zazzaɓin fadama sukan kore shi da bazara. Babban hafsa Maurice de Saxe, wanda aka ba fadar a 1745, ya cika ta da sojojin doki, kuma shi ma sai da ya gina ɗakin wasan kwaikwayo a ciki. A lokacin juyin juya halin Faransa aka yi gwanjon kayan ɗakin, ginin ya zama kango. A 1821 aka tara gudummawa a faɗin ƙasa aka saya wa jaririn gidan sarauta da daga baya aka sani da Comte de Chambord, wanda ya ƙare rayuwarsa a gudun hijira, bai kwana a ciki ba sai 'yan kwanaki a 1871. Gwamnati ta saye ta a 1930, ta ɓoye kayan gidan tarihi na Louvre a ciki lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, har da hoton Mona Lisa. Sannan a 1952 mai kula da fadar, Paul Robert-Houdin, ya haska bangon da fitilu da dare yana ba da labarinsa ta lasifika, wasan haske da sauti na farko a duniya, wanda daga baya aka kwaikwaya har a dalar Giza ta Masar.

Mai suka zai ce, ai da bambanci tsakanin sarki da ke nishaɗantar da baƙinsa da hukumar da ke neman riba, kuma ƙafa miliyan biyu a shekara na cinye dutse. Gaskiya ne dutsen Chambord farin dutse ne mai laushi, kuma taro na da ɓarna. Sai dai abin da ya fi yi wa ginin illa a tarihinsa shi ne danshi da rashin mai kula. Kogin Cosson da ya yi ambaliya ya kewaye fadar a 2016 bai sayi tikiti ba. Rufin da ke yoyo sai an sa kuɗi, kuma baitulmalin da ke riƙe da dubban tsofaffin gine-gine ba zai iya ɗaukar nauyin kowanne shi kaɗai ba. Shi ya sa a 2005 aka mai da Chambord hukuma mai cin gashin kanta, wadda aka yarje wa ta nemi kuɗin shigarta, kuma daga aljihun baƙi take samun mafi yawan abin da take kashewa wajen gudanarwa. Lambunan gaban fadar, waɗanda suka daɗe da ɓacewa, an dawo da su a 2017 bisa tsarin ƙarni na 18, da kyautar attajirin Amurka Stephen Schwarzman. Mutum na iya jin zafin cewa baƙo ne ya biya, amma kafin nan fili ne kawai na ciyawa.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ita ce ta shafi karkara kai tsaye. Baƙon da ya taso daga Paris da safe a motar yawon buɗe ido, ya zaga awa biyu ya wuce wata fada, bai bar wa Sologne komai ba sai ƙura. Ƙauyen Chambord kansa, mai mutum kimanin ɗari, yana cikin ganuwa, kuma duk ƙasarsa da gidajensa mallakar gwamnati ne, don haka mazauna da masu shaguna 'yan haya ne a garinsu, kuma an sha samun saɓani tsakaninsu da hukumar. Wannan ƙorafi na da tushe, kuma gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Amma idan aka duba da kyau, hujja ce ta ƙara ayyukan al'adu a fadar. Mai zuwa kallon bango kawai shi ne ke wucewa da rana, wanda ya zo sauraron kiɗa da dare kuwa dole ya nemi masauki, ya ci abinci a Bracieux da ke kusa ko a Blois. Wanda ya zo da kaka domin jin kukan barewa a daji, lokacin da kasuwar bazara ta watse, shi ke riƙe masaukan ƙauye a buɗe. Gonar inabi da lambun kayan miya da aka farfaɗo da su suna buƙatar ma'aikata duk shekara, haka ma masassaƙa dutse da masu gyaran rufi. Abin da ya rage a yi jayayya a kai shi ne rabon amfanin: nawa ke tsayawa a asusun hukumar, nawa ke isa hannun mutanen ƙauyukan da ke bayan ganuwa, da kuma ko suna da bakin magana a lokacin da ake tsara shirin shekara.